Maganar Da Na Faɗa Wa Fanna

A gidanmu na Gure, gefen daman Kaka Zara nawa ne, kowa ya san haka. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta ja tabarmarta kusa da murhu, ta jefa ƙwallon goruba biyu ko uku cikin garwashi don wutar ta ɗan jima, mu jikoki mu kewaye ta. Ni nake ɗora kai a cinyarta. Ba ta dogon zama, da an kira isha take sallamar mu. In za ta fara tatsuniya, takan gyara murya ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, Kaka." Daga nan ba ka jin komai sai muryarta da ƙarar wuta.

Ina da shekara goma sha ɗaya Fanna ta zo gidanmu. Lokacin yaƙi ya tayar da garuruwan gabas na bakin tafki, manyan motoci suna wucewa ta Gure maƙil da mutane da tabarmi da tukwane. Mahaifinta abokin cinikin Baba ne, shi ke aiko masa da tattasai da bandar kifi. Baba ya tafi neman labarinsa, bayan kwana shida ya dawo da yarinya siririya, sa'ata. Ya ce wa Inna, "Iyakar abin da ya rage daga gidan Malam Bukar ke nan."

Hausar Fanna kaɗan ce a lokacin. Kaka kuwa haifaffiyar wajen Gamu ce, ta iya Barbarci kamar ruwa. Tun maraicen farko ta ce mini, "Habsu, matsa wa 'yar'uwarki." Na matsa. Na haɗiye abin, amma ya zauna mini.

Duk da haka mun shaƙu. Gado ɗaya muke kwana, tare muke tafiya lakwal, wato makarantar boko, tare ake aiken mu lambun Baba da ke cikin kwari. A can ne, wata rana muna ba albasa ruwa a ƙarƙashin dabino, ta faɗa mini abin da ba ta faɗa wa kowa ba. Da asuba harbi ya tashi. Uwarta ta tura ta cikin ɗakin ajiya, ta lulluɓe ta da buhunan tattasai, ta ce kada ta motsa. Ta wata kafa Fanna ta hango uwarta tana gudu, ba ta waiwayo ba. Ba ta ƙara ganin ta ba.

"Ko sau ɗaya ba ta juyo ba, Habsu," in ji ta. "Kada ki gaya wa kowa."

Na rantse mata.

Ba a yi wata biyu ba Kaka ta cire awarwaron azurfarta, wanda na daɗe ina roƙo, ta sa wa Fanna a hannu. Da yamma muna wasa a ƙofar gida da yaran unguwa, gardama ta tashi a kan wa ya faɗi. Ban ma tuna yadda ta fara ba. Abin da na tuna shi ne bakina.

"Ke har kina da bakin magana? Ke da uwarki ta gudu ta bar ki cikin buhun tattasai!"

Yaran suka kwashe da dariya. Fanna ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, ta juya ta shiga gida. Daga ranar ta daina magana. Ba da ni kaɗai ba, da kowa. Madam, malamarmu, ta yi tambaya a aji, shiru. Inna ta lallashe ta, shiru. Aka kai ta wurin likita, aka ce lafiyar bakinta ƙalau.

Kaka ta ji labari, don unguwa ba ta riƙe magana. Na yi ta jiran duka. Da ta doke ni, da na ji sauƙi. Ba ta ko ɗaga mini murya ba. Bayan kwana uku, a bakin murhu, ta ba mu wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba.

Ta ce a zamanin da ake zuwa Makka da ƙafa, ana shekaru a hanya, mahara suka afka wa wani gari. Wata mata ta kifa babban masaki a kan ɗanta, ta fita a guje. Ta tsagar masakin, abin da yaron ya gani na ƙarshe shi ne duga-dugan uwarsa. Ya tsira, amma ya tashi da wani abu tokare a ƙirjinsa, ko ruwa ya sha sai ya ji ya tsaya a nan. Wani ayarin maniyyata ya tsince shi, suka tafi da shi gabas. Suka yi noma a wani gari, suka yi kiwo a wani, suka haye teku. Duk tsawon tafiyar bai taɓa ambaton uwarsa ba, ko a addu'a.

Da suka isa, sai ya ga abin mamaki tsakanin duwatsu biyu. Manyan mutane, masu furfura, attajirai da malamai, suna sassarfa daga wannan zuwa wancan. Ya kama rigar wani tsoho ya ce, "Baba, wa ya koro su?" Tsohon ya ce, "Ba kowa, ɗana. Sawun wata uwa suke bi. Nana Hajara ta ajiye jaririnta a ƙasa, ƙishi zai kashe shi, ta juya masa baya ta yi ta gudu neman ruwa, har sau bakwai. Da jaririn yana da wayo, me kake jin zai gani? Duga-duganta."

Nan Kaka ta tura itace cikin wuta.

"Sai yaron ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba tun ranar masaki," ta ce. "Da ya gama, ya tashi ya shiga cikin masu gudun, yana kiran innarsa. Aka ba shi zamzam, ya ji ruwan ya sauka har ciki. 'Ya'yana, ba duk wanda ya juya muku baya ne ya ƙi ku ba. Wani gudun, dominku ake yin sa."

Sannan ta sunkuya ta maimaita labarin da Barbarci, a hankali, a kunnen Fanna. Ni ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Na ga Fanna ta damƙe gefen zanen Kaka.

A shekarar ne Baffa Sani, wan Baba da ke fatauci a Damagaram, ya shirya kai Kaka umara, da jika ɗaya da za ta riƙa kama mata hannu. Tun shekara guda kafin nan aka ce ni ce. Har an ɗinka mini farin hijabi. Kaka ta kira Baba da Baffa ta ce, "Da Fanna zan tafi." Baffa ya ce takardun marainiya za su ba da wahala. Ta ce, "To a sha wahalar. Habsu tana da uwa da uba, tana da sauran shekaru. Wannan kuwa akwai abin da zan kai ta ta gani."

Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ranar tafiyarsu na ƙi fitowa. Fanna ta tsaya a ƙofar ɗakinmu ta jima. Na juya fuskata bango har na ji motar ta tashi.

Da suka dawo, gida ya cika da 'yan barka. Ina rakuɓe a bayan ƙyaure sai na ji wata murya siririya tana amsawa, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Inna ta saki ƙwaryar da ke hannunta. Daga baya Kaka ta ba su labari: a sawu na huɗu tsakanin Safa da Marwa, Fanna ta tsaya cak, ta fara kiran uwarta da ƙarfi. Wata mata daga wata ƙasa mai nisa, wadda ba su jin yaren juna, ta rungume ta, suka yi ta kuka tare, sannan suka ƙarasa sauran sawun hannu cikin hannu. Ba wai ta warke sarai ba ne. Har ta girma, in babur ya yi ƙara takan firgita. Amma ta koma cin abinci da kyau, ta koma dariya, kuma ta fara sa sunan uwarta a addu'a, a fili.

Ta kawo mini tsarabar zobe da dabino. Na karɓa na ce na gode. Ban nemi gafara ba. Muka ci gaba da zama kamar ba abin da ya faru, har Kaka ta rasu, har aka yi mini aure a Bune, ita kuma ta tafi Damagaram koyon aikin ungozoma.

Na daɗe ina ɗauka cewa na fahimci tatsuniyar. Ashe da kai kawai na gane ta. Bara zazzaɓi ya kama 'yata da rana tsaka, jikinta ya fara sanƙarewa, ba kowa a gida. Na kwantar da ita a tabarma na fita a guje neman abin hawa. Ina jin kukanta a bayana, kuma na san in na waiwaya ƙafafuna ba za su ƙara ɗaukata ba. Allah ya ba ta lafiya. Amma tun daga ranar na san matar da na zaga, na kuma san nauyin abin da na jefi 'yarta da shi.

Na shiga mota na tafi Damagaram. Na same ta ta fito daga aiki, muka zauna a inuwa, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun muna yara. Ta saurare ni har na gama.

"Na yafe miki tun a can, Habsu," ta ce. "Kaka ta ce in roƙa wa duk wanda nake so alheri, na sa sunanki. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Wani lokaci in tunanin ya zo mini, har yanzu da muryarki yake zuwa."

Ta riƙe hannuna, ban iya ɗaga kai ba. Mutanen da suka ƙone garinsu ba su ko san sunanta ba. Ni na san sunanta, na san inda ciwon yake, ita da kanta ta nuna mini.