Baba Iro da Iƙamar Raga

Duk wanda ya san mahaifina, Baba Iro mai gyaran raga, ya san almakashin nan da yake ratayawa a wuya da igiyar nailan. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa ɗaurin aure, ko a asibiti sai da aka yi daru kafin ya cire shi. Kun sha dariya a kai, na sani. Ni da Inna ba mu yi ba, don kayanmu yake yankawa.

Aikinsa ɗinke ragar masunta a bakin ruwa, kudu da gari. Abin da ya tsana a duniya shi ne raga ta maƙale a duwatsun murjani, mai ita ya datse igiya ya yi gaba abinsa. Ya ce ita ragar ba ta san an sallame ta ba, haka za ta yi ta kamu shekara da shekaru, kifi ya ruɓe a ciki, wani ya zo ci shi ma ya maƙale. In ya fara wannan zance har jijiyar wuyansa tashi take yi. Mutum da iƙama, takardarsa ta izinin zama, mota da lamba, amma raga ta yi ta kisa a Bahar Maliya ba mai cewa ga ubanta! Kullum cewa yake kamata ya yi a tilasta wa kowa sa alama a ragarsa, in ta ɓata ya je ya faɗa. Da ya ga ba wanda ya zo neman shawararsa, sai ya buɗe nasa ofishin.

Duk ragar da ta ratsa hannunsa sai ya naɗe ɗan ƙyalle cikin leda ya ƙulle shi tam a igiyar sama, kowane mai jirgi da irin nasa. Wai iƙamarta ke nan. Ƙyallen kuwa daga akwatinmu yake fitowa. Inna ba ta da zane ɗaya mai cikakken baki. Ni kuma atamfar da goggona ta aiko min daga Kano ta hannun wata hajiya, shuɗiya mai zanen tsuntsaye, wadda nake ɓoyo don bikina, ita na buɗe na tarar an yi mata aski. Na yi kuka, na yi masifa, ya bar ni na gama.

“Hauwa,” in ji shi, “ke da ba ki da tsawo, ina za ki kai turmi guda?”

Wai ma girmama atamfar ya yi, don ragogin Alhaji Bukari ya ƙulla wa ƙyallenta. Alhaji shi ne mai manyan jirage, ta hannunsa Baba ke samun aiki, kuma shi ya haɗa shi da kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, wanda iƙamarsa ke hannunsa.

Ƙananan masunta sun san halinsa, duk ragar da ƙugiyarsu ta janyo sai su kawo masa. Ya jibga su a saman rufinmu na unguwar Karantina, magunan unguwa gaba ɗaya suka dawo gidanmu da zama. Wata rana aka kawo masa wata da mataccen kunkurun teku a ciki, igiya ta yanke masa wuya har ƙashi. Baba ya laluba ya warware ledar, sai ga tsuntsayena. Bai yi shawara da kowa ba. Ya loda ragar da kunkurun a baro, ya sace ɗankwalin da na ɗinka da ragowar atamfar daga igiyar shanya, ya tura har ƙofar Alhaji ranar Juma'a, daidai an shimfiɗa wa baƙi shinkafa. Alhaji ya rantse ba tasa ba ce. Baba ya ɗaga ɗankwalina da hannu ɗaya, ƙyallen da ɗaya, ya zagaya da su gaban baƙin kamar mai gwanjo.

“Halas, shi ke nan, ya Iro,” Alhaji ya ce. “Yalla, maza kwashe ƙazantarka. Kada in sake ganinka a bakin ruwa.”

Nan ne kuke fashewa da dariya in ana ba da labarin, nan ne kuma ni raina ke ɓaci. Ba wanda ke ƙarasa shi. Alhaji ya bi masu jirage ɗaya bayan ɗaya ya hana su ba Baba aiki. Da iƙamarsa ta ƙare kafilin ya yi ta yi masa yawo da hankali kan sabunta ta, tsoho mai furfura ya koma in ya hango motar 'yan sanda sai ya saki hanya ya bi lungu. Ku kuma kuka laƙaba masa Wazirin Kunkuru. Cikinku akwai waɗanda ya ɗinke wa raga tun ba su da gemu, ba wanda ya tsaya masa. Wallahi har yau abin yana ci na.

Shi ko a jikinsa. Ya binne kunkurun, ya wanke ragar, ya cusa ta a buhu, ya ce ajiyar Alhaji ce. Da rusau ya iso Karantina, 'yar motar da muka samu ba ta ɗaukar komai duka, sai ya sa aka fara loda ragogi zuwa unguwar Waziriyya. Inna ta tsaya kan gadonta na ƙarfe tana faɗa. Ya ce gado ko an bar shi a titi ba ya kashe kowa, raga kuwa in aka kwashe ta da ɓaraguzai, Allah kaɗai ya san ruwan da za ta koma. Buhun Alhaji a cinyarsa ya riƙe shi har muka isa.

Ranar zaman makokin Baba ina ɓangaren mata sai na jiyo muryar Alhaji Bukari daga wajen maza. Yana ta bayani wai yanzu ko'ina maganar kare teku ake yi, shi kuwa tun da can ya san marigayi mai hangen nesa ne, ai shi ya riƙa ƙarfafa masa gwiwa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Inna ta riƙo abayata, na fizge. Na janyo buhun daga bayan ƙofa har bakin tabarmar maza.

“Alhaji, ga ajiyarka. Baba ya gaji da riƙo.”

Ya buɗe baki zai ce ba tasa ba ce, sai na ɗan ja mayafina baya. Ɗankwalin ne a kaina, ya koɗe, amma tsuntsayen suna nan. Ba wanda ya yi dariya. Da hannunsa ya ɗauki buhun ya kai mota, ba wanda ya taya shi.

Almakashin yana rataye a ƙusa a ɗakina, igiyar duk ta yi baƙi da zufar wuyansa. Ya Allah, bawanka Iro ya zo maka ba takarda a hannunsa. Kada ka sa ya bi lungu. Ka yalwata masa kabarinsa, ka warware masa duk abin da ya ɗaure shi. Atamfar kuma, Baba, na yafe.