Ajiyar Muryar Malam

Sana'ata turara shinkafa, kuma aiki ne mai bin layi. A jiƙa shanshera, a tsame, a turara, a shanya, sannan a loda wa adaidaita sahu zuwa inji a Kura. Wadda ta tsallake ɗaya za ta gani a kwano. Haka nake son a yi komai, haka kuma zan ba da wannan labari.

Malam, mijina, manomin rani ne a wajen Bunkure. Rubutu a waya yana ba shi wahala, don haka saƙon murya yake turo min daga gona. Ba wata doguwar magana ba ce. An saki ruwa. A aiko da fura. Tsuntsaye sun yi yawa, ba zan dawo da wuri ba. Wani lokaci yakan manta bai kashe ba, sai in ji takunsa a cikin laka, da gudun ruwa a kanal, da salatin da yake yi ƙasa-ƙasa. Ya rasu autarmu tana goye. Na ƙudura cewa in ta yi wayo zan zaunar da ita ta ji ubanta.

Bayan na fita takaba, babbar 'yata, wadda ke karatun kwamfuta a Kano, ta ce waya ba wurin ajiya ba ce. Ta kwashe saƙonnin ta tura wa wani kamfani mai manyan na'urori a wata ƙasa, wanda ke ajiye wa mutane hotuna da muryoyi. Wata koriyar alama ta fito, an rubuta cewa an adana. Duk hutun da ta zo sai na tambaya, ita kuma sai ta nuna min alamar.

"Suna nan, Umma. Ga shi kore shar."

Sai wata safiya na sunkuya a kan duron jiƙo, wayar ta zame daga ɗaurin zanina ta nutse. Mai gyara a Kura ya buɗe ta, ya girgiza kai. Ban tayar da hankalina ba, tunda akwai ajiya. Na sayi wata. 'Yata ta zo ta shiga wurin kamfanin, ga saƙonnin a jere, kowanne da ranarsa da koriyar alamarsa. Ta taɓa na farko, ya yi ta juyawa, ba murya. Na biyu haka. Na sa ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ina zaune. Sunaye ne kawai, ba komai a cikinsu.

Ta rubuta wa kamfanin. Suka amsa da ban haƙuri, wai sun sami matsala lokacin da suka sauya na'urori. Ba su faɗi yaushe ba. Wataƙila tun ina ganin kore ina godiya ga Allah muryar ta riga ta tafi.

Da ta dawo hutu na gaba, ta same ni ina juya shanya. Ta ɗauki tsintsiya tana taya ni, ba ta kalle ni ba.

"Umma, an koya mana wani abu. Ashe akwai hanyar da ake gane ko mai ajiyar yana riƙe da kayan da gaske."

"Faɗi. A jere, ban da Turanci."

Ta ce da farko ana yanka abin gunduwa-gunduwa. Sai a buga wa kowace gunduwa hatimi na lissafi, da wani mabuɗin sirri da mai kayan kaɗai ke riƙe da shi. Sannan a miƙa. Daga nan, lokaci zuwa lokaci, mai kaya zai zaɓi wasu gunduwoyi ba tare da sanarwa ba, ya ce na'urar ta yi masa lissafi a kansu. In suna nan lafiya, amsar za ta dace da hatimin. In sun ɓace ko sun lalace, ba yadda za ta ƙago amsar. Kuma ba sai an sauko da kayan duka ba.

"Kamar ƙarfen nan da kike soka wa buhu in kin je sito," in ji ta.

"Ni ba na soka wa na bakin ƙofa. Na tsakiya nake sa a jawo."

"To haka."

"To soka mana."

Ta tsaya da sharar. "Hatimin tun kafin a miƙa ake bugawa, Umma. Kuma su wancan kamfanin ba su ba mutane wannan hanyar ba."

"Koriyar alamar fa, wa ke kunna ta?"

"Su."

"Wato mai ajiyar shi ne shaidar kansa. Boko ya yi."

Ta ci gaba da shara. Ba da ita nake ba. Ina yi da waɗanda suka san da wannan lissafi, suka ba mu fenti a madadinsa.

Na bi dangi ina tambaya. Kowa ya sauya waya, ko ya goge don wuri ya cika. Sai ƙanin Malam ya ce yana da guda ɗaya.

"Matar yaya, kin tabbata kina so? Ranar ya ci ni da faɗa, har yau kunnena bai warke ba."

Na ce ya turo. Ranar da ƙanin ya tare ruwa ya juya wa albasarsa ne, alhali layin Malam ne. Daga farkon saƙon har ƙarshe Malam faɗa yake, murya a sama, yana haki. Mutumin da ni ban taɓa jin ya ɗaga min harshe ba.

Na riƙe shi ban kunna wa auta ba, har ta shiga firamare ta fara tambaya. Rannan na zaunar da ita a kan tabarma, na kunna. Ta saurara har ya ƙare, ta matso jikina.

"Umma, Baba mafaɗaci ne?"

Na ce a'a. Na ce mai sanyin magana ne, yana salati in yana tafiya. Ta ce in kunna mata wannan ɗin. Na ce babu shi.

Ta gyaɗa kai irin na yaron da ba ya son ya ƙaryata babba, ta tashi ta koma wasanta.