Watan da Kwamfuta Ta Ƙara wa Ridi

Na daɗe ina wakilin gonakin ridi a Simsim, cikin yankin Gadarif. Aikina shi ne in san ranar da aka shuka kowace gona, da wadda za a fara yanka. Ridi ba ya jira. In ya nuna aka yi sake, kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube ƙasa, wahalar damina ta tafi a banza.

'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata gare ta, tana karatun kwamfuta a Khartoum. A wani hutu ta kwashe jerin gonakin daga littafina, ta zuba su cikin manhajar da masu tsara kwamfuta suke rubutu a ciki. Layi ɗaya, gona ɗaya, da ranar shuka. Ta ce ana iya yi wa manhajar ƙari, wato ƙaramin aiki da mutum zai rubuta da kansa ya liƙa mata, kuma in ta gama karatu za ta yi mini wanda zai riƙa lissafa ranar yanka.

Ba ta gama ba. Yaƙi ya tashi saura mata shekara ɗaya. Ta iso Gadarif da kwamfutar naɗe cikin zane, ta ɗora ta a kan kabad, ba ta sake taɓa ta ba. Tana taya uwarta aiki, tana amsa gaisuwa, iyakarta ke nan. Da labari ya zo cewa ɗalibai za su iya ci gaba daga inda suke ta intanet, na ce ta rubuta sunanta. Ta ce, "Baba, na bar wannan." Ni ban iya lallashi ba, faɗa kuma na san ba zai yi ba. Ga ranar rufe rajista tana matsowa.

Sai na yanke shawarar yin ƙarin da kaina. Karatuna bai wuce makarantar tsakiya ba, Turancina kuwa na littafin gyaran tarakta ne. Na raba aikin kashi uku. Na farko, na ari kwamfutar a wurinta, ta miƙo ba tambaya. Na biyu, na nemo bayani da Larabci a waya, na kwafe shi da hannu a littafi, kowane mataki da lambarsa. Na uku, na fara bugawa. Kullum bayan la'asar nake zama a ƙarƙashin rumfa, daidai hanyar da take bi da shayi. Da gangan na zaɓi wurin.

Mako uku na yi kafin abin ya motsa. Darasin farko shi ne a sa manhajar ta fito da saƙo a gefen allo. Na rubuta sallama, na danna, shiru. Na koma littafi na tarar ƙarin fayil biyu gare shi, kuma sunan umarnin da na sa a fayil na farko bai yi daidai da na fayil na biyu ba. Na gyara, sallama ta fito. Na amsa ta a fili, uwar yaran ta leƙo tana tambaya ko baƙo muka yi. Uwata ta ajiye shayi, ta kalli allon, ta wuce.

Daga nan na shiga ainihin aikin. Ƙarin zai karanta ranar shuka, ya ƙara kwanakin da ridi ke ɗauka, ya rubuta ranar yanka a ƙarshen layi. Ranar da ya yi aiki na fara da gonar bakin kwari, wadda na tsaya a kai aka shuka ta a watan bakwai. Yankanta a watan goma ne. Kwamfuta ta ce sha ɗaya. Na duba ta biyu, na duba ta uku, kowace an ƙara mata wata guda. Na bi matakan littafina sau uku ban ga inda na kauce ba.

Na ce, "Uwata, zo ki ga abarki tana ƙarya."

Daga bakin ƙofa ta ce, "Ba ta ƙarya, Baba. Abin da aka ba ta take mayarwa."

"To ni ne maƙaryacin?"

"Ban faɗa ba."

Ta matso ta tsaya a bayana, ta ce in koma saman rubutun kaɗan. Sai na ji dariya ta kuɓuce mata, irin wadda na manta tana da ita.

"Baba, a wannan yaren na kwamfuta daga sifili ake ƙirga watanni. Watan ɗaya sifili ne. Ka ba ta bakwai, ta ɗauka takwas kake nufi."

"Wane mara tarbiyya ne ya fara ƙirga daga sifili?"

"Ya riga mu zuwa. Rage ɗaya kawai za ka yi."

"Kwanakin ma?"

"A'a, su daga ɗaya suke."

Na ce wannan ba tsari ba ne, da a gona ne da na sallami mai shi. Ta ce in matsa. Ta zauna a kujerata ta gyara wurin cikin ƙiftawar ido, gonar bakin kwari ta dawo watan goma. Amma ba ta tashi ba. Ta ce in layi ya zo babu ranar shuka ƙarin zai tsaya cak, kuma ridin da nake shukawa ba iri ɗaya ba ne, kowane da kwanakinsa. Ta tambaye ni su, ina faɗa tana bugawa, har aka kira magariba.

Washegari na fito bayan la'asar na tarar da ita a wurina. Ta ce, "Baba, safiya taka, yamma tawa. Akwai darussan da suka wuce ni." Na tambaye ta rajista. Ta ce ta yi tun da hantsi, da wayar uwarta. Na ce to, na ɗauki littafina na mayar da lokacin zamana bayan asuba.