Rumbunan Inna a Hamadar Libya

Ranar Laraba ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, mun idar da La'asar. Mu biyu ne a shagon gyaran kwamfuta na abokina a Gummi, wanda muka yi firamare tare. Ya juyo mini allon kwamfutarsa, ya ce, "Ɗan rediyo, zauna ka ji muryarka tana ba da oda."

Akwai wani wasan kwamfuta da ake tuƙa jirgin sama a cikinsa kamar gaske. Masu sha'awarsa kan tsara nasu yaƙe-yaƙen su ɗora a intanet kyauta. Abokina ya fi shekara yana gina nasa, a kan yaƙin jirage da aka gwabza a hamadar Libya da Masar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yana son matuƙi ya ji umarni da Hausa, ni kuwa na daɗe ina karanta labarai a rediyo, sai na ara masa muryata. Ya kuma nemi hoton gidan ƙasa, wanda matuƙi zai hango ya san ya kusa sauka lafiya. Na ba shi hotunan gidanmu na Gwashi: katanga, zaure, da rumbunan Inna guda uku, na tsakiya jinkarsa ta karkace. Na ce masa alamar komowa gida ce kawai. Ya ce, "Awo, ai abin da nika so ke nan."

Na ɗauki muryar yadda aka horar da ni. A miƙo maka takarda, ka karanta layi, ka numfasa, ka karanta na gaba. A warwatse ya ba ni layukan, ni kuma ban nemi ganin hoton da zai hau kowanne ba.

Wasan kashi-kashi ne, kowace fitar jirgi da aikinta. Ya zaɓi fita ta bakwai, ya kama sandar tuƙi. Jirgi ya tashi, rairayi ya shimfiɗu har ƙarshen allo. Sai na ji kaina a lasifika, a natse, kowane harafi a mazauninsa: "Tankunan man abokan gaba guda uku suna gabanka. Kada ka bar ko ɗaya." Ya sunkuyar da hancin jirgin. Na ga katanga, na ga zaure, na ga jinkar nan karkatacciya. Ya danna maɓallin harbi, rumbun tsakiya ya kama da wuta, muryata ta ce, "Madalla, aiki ya yi kyau."

Na ce, "Gidanmu ne wannan."

"Hoto ne, Malam. Mi ya ƙone? Kira Inna ka ji, geronta na nan."

"Ba haka muka yi da kai ba."

Ya yi dariya, ya ce da ya nuna hotunan a dandalin masu wasan, Turawan cikinsu sun ɗauka tankunan mai ne, suka ce za su yi kyau a matsayin abin hari, shi kuma bai ga dalilin ɓata musu ba.

Ɗan manomi ne, ya san rumbu. A gindin wannan na tsakiyar ya ci tuwon Inna lokacin bikin ƙanena, har ya nemi ƙari. Ya kuma san cewa yanzu a Gwashi, in aka ji ƙugin jirgi, Inna kan ajiye taɓarya ta kora jikoki cikin ɗaki.

Na ce ya cire. Ya ce tun Litinin ya ɗora, mutane sun riga sun sauke, kuma fita ta bakwai aka fi yabawa. Ya ce zai rubuta sunana a jerin waɗanda suka taimaka. Na ce kada ya rubuta.

Ban sake shiga shagon ba. Bayan girbi na je Gwashi na sa aka yi wa rumbun tsakiya sabuwar jinka, ban gaya wa Inna dalili ba. Wasan yana nan a intanet, da muryata da tsohuwar jinkar.