Zakara a Ɗakin Kaka

Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramin gidan tarihin garinmu ya san Tikin Arshaluys, wato Madam Arshaluys, ko da bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan mai baƙin mayafi da ke zaune a ɗakin littattafai, wadda in ka matso da hanci kusa da gilashi za ta yi gyaran murya har ka ji kamar ka taka wa limamin coci riga. Ni Garnik nake sayar da tikiti a ƙofa, mun tsufa tare a wurin.

Littafin da take gadi nasu ne, Linjila ce rubutun hannu a kan fata. Kakarta ta goyo shi a baya daga garin Mush, shekarar da aka kori mutanenmu, ta bar tukwane da darduma. A gidansu ba a ce masa littafi, Kaka ake cewa. Kusurwarsa daban, a naɗe cikin ƙyallaye, kyandir na ci a gabansa, duk mai damuwa a ƙauyen ya zo ya gaishe shi. Da girgizar ƙasa ta rushe gidan, wanta ya ga ruwa zai cinye fatar, ya kawo shi nan. Kashegari ta biyo sawu, ta zauna a ƙasa gaban akwatin gilashin, ta ce Kaka bai saba kwana ba a yi masa sallama ba. Aka yi juyin duniya ta ƙi tashi. Shugaban lokacin ya gaji, ya ba ta kujera da albashi.

Bara aka kawo mana sabon shugaba, Paron Vachagan, wato Malam Vachagan, yaro mai ladabi, mai tsoron wuta kamar auduga. Ya kama ta da kyandir a hannun riga, ya gaya mata a gabana cewa in ya sake ganin wani abin ibada a ɗakin, ko da tsinken ashana ne, kujerar ta tashi. Kowa ya san in aka raba ta da kujerar nan an gama da ita.

Ran wata Talata sai ga Nvard, 'yar ƙauyensu, idanu sun kumbura. Za a yi wa mijinta aikin zuciya a babban birninmu Yerevan da rana tsaka, ta yi alwashin matag, hadayar zakara. Ƙa'ida a zagaya da shi wuri mai tsarki sau uku kafin a yanka, ita kuma ba ta san wani wuri mai tsarki da ya wuce Kaka ba. Na lura rigar sanyinta tana numfashi ta gefe ɗaya. Na ce mata tikiti ɗaya ba ya shigar da mutum biyu. Ba ta yi dariya ba.

Arshaluys ta fito ta dube ta, ta dubi rigar. Na raɗa mata cewa shugaba na sama da baƙi daga Faransa, yanzu zai sauko da su.

"Garnik jan, abokina, kai dai tsare ƙofarka," in ji ta. "Kakata ba ta ɗauko shi daga Mush don ya ji tsoron Vachagan ba."

Na bi su na tsaya a bakin ɗaki. Zagaye na farko lafiya. Ana cikin na biyu muka ji takalma a kan matakala. Nvard ta daskare. Arshaluys ta fizge zakaran, ta koma kujerarta, ta tura shi ƙarƙashin siket, ta harɗe hannu kamar mai jiran a ɗauke ta hoto.

Paron Vachagan ya shigo yana bayani da murya mai daɗi: fatar ɗan maraƙi ce, jan launin daga jikin wani ƙwaro aka samo. Baƙin suna gyaɗa kai. Ni kuwa siket nake kallo. Ya motsa, Arshaluys ta yi tari. Ya sake motsawa, ta ƙara tari har wata baƙuwa ta miƙa mata alewa. Na fara cewa a raina mun tsira, sai wani jan kai ya leƙo tsakanin takalmanta, ya dubi shugaba ido cikin ido, ya buɗe baki ya yi cara.

Kunnuwan shugaba suka yi ja, ya kora baƙin zuwa ɗakin dardumai, ya waiwayo ya ce wa Arshaluys ta same shi a ofis gobe da safe. Ita kuwa ta miƙa wa Nvard zakaran, ta ce tunda an riga an jiƙe, a ƙarasa zagayen.

Da safe ta zo da ƙunshi a hannu. Na raka ta, wai ko zan sa baki. Ya fara magana kan doka da amanar da aka ba shi, kuma gaskiya ya faɗa. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta buɗe ƙunshin a kan teburinsa: cinyar zakara dafaffiya da gishiri kawai, a cikin lavash, siririyar gurasarmu. Ta ce mijin Nvard ya farka, ya ma nemi taba. An raba naman gida-gida, wannan rabon maigidan da Kaka yake zaune a wurinsa ne.

"Da can mahaifina ke ci. Yanzu kai ne maigidansa, ɗana. Ci, sannan ka kore ni."

Ba a mayar da matag. Ko wanda bai taɓa taka coci ba ya san haka, balle wanda uwarsa 'yar ƙauye ce. Ya dubi naman, ya dube ni kamar ni na dafa. Ya yagi lavash, ya ci, ya ce Allah ya karɓa, da muryar mai haɗiye magani.

Har yau tana kan kujerarta. Ni aka ƙara wa aiki: duk tsohuwar da ta shigo da rigar sanyi mai kauri sai na sa ta buɗe. Makon jiya wata ta tambaye ni, cikin ladabi, ko ƙofar baya za ta shigar da rago.