Tokar da Yaya ya zuba wa wayata

Lambun da mahaifinmu ya bari yana gefen Damana, ni kuma aikin koyarwa ya ɗaure ni a Filinge. Yayana, da ke zaune kusa da lambun, ya gaji da ban ruwa. Ya ce ko a samo mafita a ranin nan, ko ya miƙa wurin ga wani ɗan kasuwar Baleyara da ya daɗe yana zawarcinsa. Ni kuwa a lambun nan na koyi tafiya, ban iya ko tunanin rabuwa da shi ba.

Na taɓa yin ɗan horo a Yamai kan ƙananan allunan lantarki da ake rubuta wa umarni, sai na haɗa ɗaya. Ƙarfe biyu ake cusawa a ƙasa, a haɗa su da allon ta waya. In ƙasa ta jiƙe, wuta na ratsa ta da sauƙi, allon ya karanta ƙaramar lamba. In ta bushe, lambar ta hau. Na rubuta masa cewa da lamba ta wuce iyaka, ya tada famfon sola. A ɗakina, cikin tukunyar ƙasa, abin ya yi aiki har na yi guɗa ni kaɗai.

Na kafa shi a tsakiyar fangalin albasa, na roƙi Yaya kada kowa ya taɓa. Da na dawo ƙarshen mako, dashen ya kwanta, ƙasa ta tsage, famfo ko tari bai yi ba. Na jona ordinatar, wato kwamfuta, allon na ta rantsuwa cewa ƙasa a jiƙe take.

"Ga aikin boko nan," in ji Yaya. "Ƙarhe biyu ka sanin ƙishin albasa?"

Na cire allon, na bar ƙarfen a binne, na koma Filinge da baƙin ciki. Na bi umarnin layi-layi. Ko na juya alamar "ya fi" ta koma "bai kai ba"? A'a. Ko ƙafar allon da na ce ya karanta ba ita na jona wa ƙarfen ba? Ita ce. Na sa ya riƙa karanta lamba da yawa yana ɗaukar matsakaiciya, na sauke iyakar. A tukunya, da wani sabon ƙarfe, lafiya lau. A lambu, ƙarya. Na zagi kaina har na gaji.

A zuwa na gaba haushi ya sa na tone ƙarfen da hannu. Sai ga wani abu fari-fari ya daskare a jikinsa, damshi sharkaf.

"Yaya, mi ne ne wanga?"

"Toka ce mana. Gara za ta cinye miki waya. Haka muka yi ma ƙahwar rumbu. Kullum da sahe ina zuba mata, in yayyahwa ruwa ta zamna."

Jiƙaƙƙiyar toka gishiri ce, wuta na bi ta cikinta a guje. Ashe allon bai taɓa yi mini ƙarya ba, tokar Yaya yake karantawa.

"Na ce kada a taɓa!"

"Ban taɓa ba, ƙanwata. Taimako niy yi."

Na wanke ƙarfen, na jona shi da allon, na cusa shi a busasshiyar ƙasa. Nan take famfo ya tashi, ruwa ya malala cikin matacciyar albasa. Yaya ya kalle shi, ya kawar da kai.

"An makara. Jiya munka gama magana gaban maigari, na ba mutumen hannu."

Har yau, duk wani suna ko biki, sai Yaya ya ba da labarin na'urar da ta kashe albasa, a yi ta dariya. Bai taɓa ambatar toka ba, kuma ban yafe wannan ba.

Allon yana kan teburina, ƙarfensa a tukunya cike da ƙasar da na ɗebo a lambun ranar. In ta bushe, ƴar fitilarsa ta kunna, yana kiran famfon da ya zama na wani. Sai in tashi in zuba mata ruwa da kofi.