Reshen Kariya a Hannun Hanifa

Ina fitowa daga kicin na tarar da 'yata Hanifa, mai shekara biyu, a gindin tukunyar fulawa, reshe a hannunta, ruwansa a leɓenta.

A bakin titin Bauchi na sayi fulawar. Da rani takan zubar da ganye kaf, sai furanni ruwan hoda. Ban taɓa sanin sunanta ba.

Inna, surukata da ta zo mana daga ruga, ta karɓi reshen ta duba.

"Kariya ce. Ga ta nan birjik a duwatsun wajenmu, ko akuya ba ta cinta. Da ruwanta ake dafin kibiya. Ta haɗiye?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ɗauko mayafinki."

A cikin keke Hanifa ta yi amai, ta yi lamo a ƙirjina. Ko addu'a na kasa haɗawa har muka isa asibiti.

Likita ya ce ɗacin ruwan reshen ne ya sa ta tofar da yawancinsa. Can muka kwana, yau muka dawo, alhamdulillahi.

Har yanzu in tana barci sai na kara kunne na ji numfashinta. Iyaye, kun san sunan abin da kuka shuka a tsakar gida kuwa?